Da gaske Afirka za ta rabe biyu? Yadda zafin cikin ƙasa ke tafiyar da nahiyoyi

Shin da gaske ne nahiyar Afirka tana darewa gida biyu? In kuwa haka ne, wane irin ƙarfi ne zai iya matsar da nahiya sukutum, da tsaunukanta da kogunanta da biranenta? Tambayar takan dawo duk lokacin da hoton wata ƙatuwar tsaga ya sake zagaya Facebook da WhatsApp. Hoton da aka fi yaɗawa daga Mai Mahiu ta ƙasar Kenya ya fito, inda ƙasa ta buɗe a watan Maris na 2018 bayan mamakon ruwan sama, har ta datse babbar hanyar zuwa Narok. Tambayar ta sake tasowa ranar 6 ga Fabrairun 2023, da girgizar ƙasa ta hallaka mutum sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya, aka ga hotunan layin dogo ya lanƙwashe kamar maciji, gonaki sun goce wa juna da mita da dama.

Amsar a taƙaice ita ce e, nahiyoyi suna tafiya, kuma maganar ta wuce hasashe. Ana auna tafiyar da na'urorin GPS da aka kafe a kan dutse, a samu santimita biyu a nan, bakwai a can, goma a wani wuri, a kowace shekara. Kusan saurin da farcen mutum ke tsiro ke nan. Abin da ke damuna shi ne bayanin da akan biyo da shi bayan wannan amsa. Akan ce wai nahiyoyi suna iyo ne a kan tekun wuta, kuma zafi ne yake tunkuɗo su daga ƙasa. Duka biyun suna buƙatar gyara, kuma a cikin gyaran ne ainihin labarin yake.

Ɓawo, tsoka da ƙwallo

Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai tazarar kusan kilomita 6,370. In aka yanka duniyar biyu kamar ɗan itace, kashi uku za a gani. Na farko ɓawo ne, siriri ƙwarai idan aka kwatanta da girman sauran: kaurinsa a ƙarƙashin teku kusan kilomita 7 ne, a ƙarƙashin nahiyoyi kuwa yakan kai 35, har ya kusa 70 a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya. Na biyu shi ne tsoka, wadda masana ke kira mantul. Ta tashi daga ƙarƙashin ɓawo har zurfin kusan kilomita 2,900, kuma ita ce ta cinye sama da kashi 80 cikin 100 na girman duniya. Na uku ƙwallon ciki ne, wanda mafi yawansa ƙarfe ne. Bayan ƙwallon narkakke ne, amma cikinsa daskararre ne saboda tsananin nauyin da ke danne shi, duk da zafinsa ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, wato ya kusa zafin fuskar rana.

Ba wanda ya taɓa zuwa can. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya haƙa shi ne na yankin Kola a Rasha, wanda ya kai mita 12,262 a 1989, aka tarar da zafin dutsen ya kai digiri 180. Ko ɓawon bai huda ba. Sauran sanin an same shi ne daga girgizar ƙasa: kowace babbar girgiza tana aika motsi ya ratsa cikin duniya, na'urori a ƙasashe daban-daban su naɗe shi, a duba yadda ya karkace da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ta haka wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta gano ƙwallon can ciki a 1936.

Sai kalma ɗaya da za mu yi ta amfani da ita. Ɓawo tare da saman tsoka, inda dutsen ya huce ya yi tauri, sun haɗu sun zama rufi guda mai kaurin kusan kilomita 100. Wannan rufi a farfashe yake, manyan gutsattsari bakwai ko takwas da ƙanana masu yawa. Kowane gutsure shi za mu kira faifai. Faya-fayan nan su ne ke tafiya. Nahiya fasinja ce kawai a kan faifanta, domin faifan Afirka, alal misali, ya haɗa da nahiyar da kuma rabin ƙasan Tekun Atlantika ta kudu.

Daga ina zafin yake fitowa?

Duk wanda ya taɓa shiga rami mai zurfi na haƙar ma'adinai ya san ƙasa tana ƙara ɗumi in ana nitsawa. A mafi yawan wurare ƙarin yakan kai digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. A mahaƙar zinare ta Mponeng a Afirka ta Kudu, wadda zurfinta ya kusa kilomita 4, dutsen ya haura digiri 60, sai an tura ƙanƙara da iska mai sanyi kafin ma'aikata su iya tsayawa.

Tushen zafin biyu ne. Na farko gado ne tun daga haihuwar duniya, shekaru kusan biliyan huɗu da rabi da suka wuce. Duniya ta ginu ne daga duwatsu da ƙura da suka riƙa karo da juna da gudu mai tsanani, kowane karo yana haifar da zafi. Daga baya ƙarfe mai nauyi ya nutse zuwa tsakiya, nutsewar ita ma ta ƙara wani zafin. Dutse kuwa ba ya sakin zafi da wuri, balle dutse mai kaurin dubban kilomitoci. Na biyu yana ci gaba da haihuwa har yanzu. A cikin duwatsu akwai sinadaran yuraniyom da toriyom da wani nau'in fotashiyom, waɗanda ƙwayoyin zarrarsu ke farfashewa da kansu a hankali, kowace fashewa tana sakin ɗan zafi. A cikin dutse guda abin bai taka kara ya karya ba, amma in aka tara na duniya duka ya zama babbar murhu. Murhun kuma ba ta mutuwa da wuri: rabin yuraniyom-238 kan ƙare ne a shekara biliyan 4.5, rabin toriyom-232 a shekara biliyan 14.

Jimillar zafin da ke fita daga cikin duniya an ƙiyasta shi a kusan terawat 47, wato wat tiriliyan 47, wanda ya ninka duk makamashin da bil'adama ke ƙonawa fiye da sau biyu. Kusan rabinsa daga waɗancan sinadarai yake, kamar yadda ma'aunin cibiyar KamLAND ta Japan ya nuna a 2011, ragowar kuma tsohon zafi ne. Sai dai a lura: in aka raba wannan adadi a kan faɗin duniya, kowace murabba'in mita ba ta samun ko kashi ɗaya cikin goma na wat. Hasken rana ya ninka shi sau dubbai. Saboda haka zafin da ke ƙona tafin ƙafa a kan rairayi da tsakar rana na rana ne, kuma ɗumamar yanayi ba daga ƙarƙashin ƙasa take tasowa ba.

Dutsen da ke kwarara

A nan ne kuskure na farko yake. Tsokar duniya ba narkakkiya ba ce, dutse ce daskararriya. Hujjar a fili take: akwai wani nau'in motsin girgizar ƙasa mai kaɗa abu gefe da gefe, wanda ba ya iya ratsa ruwa ko wani abu narkakke. Wannan motsi yana ratsa tsoka tun daga sama har ƙasa, sai ya iso bayan ƙwallo yake mutuwa. Narkakken dutsen da muke gani yana malala daga dutse mai aman wuta ɗan kaɗan ne da ke narkewa a wasu keɓaɓɓun wurare kusa da sama.

To yaya daskararren abu zai motsa? Akwai wani gwaji da ke taimaka mini duk lokacin da na yi tunanin wannan. A 1927, wani malami mai suna Thomas Parnell a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya ya narka kwalta ya zuba a cikin mazurarin gilashi. Ya bar ta ta daskare shekara uku, sannan ya yanke bakin mazurarin. Kwaltar nan in ka buga mata guduma tarwatsewa za ta yi kamar kwalba. Amma da aka ƙyale ta, sai ta fara zubowa: ɗigo ya kumburo a bakin mazurari, ya yi tsawo, wuyansa ya sirance, shekara da shekaru yana reto. Ɗigo na farko ya faɗi a 1938, na tara a 2014. Abu ɗaya ne, ga mai guduma dutse, ga mai haƙuri ruwa.

Haka tsokar duniya take, sai dai ta fi kwalta tauri nesa ba kusa ba. A zafin digiri 1,300 zuwa sama, ƙarƙashin nauyi mai tsanani, dutse yakan miƙe ya lanƙwashe ba tare da ya narke ba, kamar jan ƙarfe a hannun maƙeri. Ana ma ganin alamar haka a fili. Ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta taɓa danne arewacin Turai, ta narke kusan shekara dubu goma da suka wuce, amma har yau ƙasar gaɓar Suwidin da Finlan tana ɗagowa kusan milimita 9 a shekara, saboda tsokar da aka matse tana dawowa a hankali.

Da zarar abu yana iya kwarara, kuma ƙasansa ya fi samansa zafi, to sai ya juya. Ɗora tukunyar ruwa a wuta ka tsaya ka kalla tun kafin ta tafasa: ruwan gindi ya ɗumama, ya yi sauƙi, ya taso, na sama ya huce, ya yi nauyi, ya gangara ta gefe. Wannan juyi shi ne hanyar da tukunya ke fitar da zafinta. Duniya ma haka take yi, sai dai abin da tukunya ke yi a daƙiƙoƙi ita tana yinsa a miliyoyin shekaru. Sannu ba ta hana zuwa: santimita biyar a shekara, in aka ba ta shekara miliyan ɗari, kilomita 5,000 ce.

Wanda ya ga tafiyar, da waɗanda suka ga ƙasan teku

Duk yaron da ya ƙura wa taswira ido zai lura cewa ƙugun Birazil zai shige lungun yammacin Afirka daidai. Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayi, bai tsaya a kamannin gaɓa ba. A 1912 ya fito da hujjoji: burbushin wata ƙaramar dabba mai kama da kada, Mesosaurus, ana samunsa a Birazil da kudancin Afirka kaɗai, dabbar da ba za ta iya ƙetare teku ba, jerin duwatsu iri ɗaya a gaɓoɓin biyu, sawun tsohuwar ƙanƙara a Indiya mai zafi. Ya ce dukkan nahiyoyi sun taɓa zama dunƙule guda, wanda yau ake kira Panjiya, kafin su watse. Lissafin yanzu ya nuna watsewar ta fara ne kusan shekara miliyan 200 da suka wuce.

Manyan masana na lokacin sun yi watsi da shi, kuma a ganina ba zalunci tsantsa ba ne. Sun tambaye shi abin da ke tura nahiyoyin, ya kawo juyawar duniya da jan wata da rana, aka lissafa aka ga ƙarfinsu bai kai ko kusa ba. Ya kuma zaci nahiya tana keta ƙasan teku kamar jirgin ruwa, abin da ba zai yiwu ba. Wegener ya rasu a kan ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba tare da an yarda da shi ba. A daidai shekarun nan Arthur Holmes na Birtaniya ya riga ya kawo shawarar cewa juyin zafi a cikin tsoka shi ne injin, amma babu hanyar gwadawa.

Hujjar tana kwance ƙarƙashin ruwa. A farkon shekarun 1950, Marie Tharp ta zauna da ma'aunan zurfin teku da jiragen ruwa suka tara, tana zana su layi bayan layi, sai ta ga wani dogon kwari ya ratsa ƙololuwar tsaunukan da ke tsakiyar Atlantika. Daga baya aka gane jerin tsaunukan nan ya kewaye duniya, tsawon kusan kilomita 65,000. A 1962 Harry Hess ya ce a nan ake haihuwar sabon ƙasan teku, yana bajewa hagu da dama. Shekara guda bayan haka Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo abin da ya rufe bakin gardama. Maganaɗisun duniya yakan juya lokaci zuwa lokaci, arewa ta koma kudu, kuma dutse in yana hucewa yakan riƙe alƙiblar da ya tarar. Da aka auna ƙasan teku, sai ga zane-zanen maganaɗisu a jere, na dama daidai da na hagu, kamar shafuka biyu na littafi a buɗe. Zuwa 1968 yawancin masana sun sallama.

Turawa ake yi ko jawowa?

Ga kuskure na biyu, wanda har a littattafan makaranta akan same shi. Akan zana kibiyoyi suna zagaye a cikin tsoka, faifai a kwance a sama ana ɗauke da shi kamar kaya a kan bel. Hoton yana sa mutum ya ɗauka faifai abu ne daban, juyin zafi abu ne daban. Alhali faifan shi ne saman juyin, shi ne ruwan saman tukunya da ya huce yake shirin gangarawa.

Mu bi rayuwar faifan teku guda. An haife shi a tsaunin tsakiyar teku, da zafinsa da sauƙinsa, shi ya sa wurin ya yi tudu, zurfin ruwan bai wuce kilomita biyu da rabi ba. Yana nisantar mahaifarsa yana hucewa, yana ƙara kauri, yana ƙara nauyi, yana lotsawa, har zurfin ruwan da ke kansa ya kai kilomita biyar zuwa shida. Bayan miliyoyin shekaru sai ya fi tsokar da ke ƙarƙashinsa nauyi. Inda ya samu kafa, sai bakinsa ya lanƙwasa ya nutse. Wuraren nutsewar su ne ramukan teku masu zurfi, irin na Mariyana a yammacin Fasifik da ya kusa kilomita 11.

Yanzu ɗauki jiƙaƙƙen bargo ka shimfiɗa a kan tebur, ka bar gefe guda yana reto. In abin da ke reto kaɗan ne, bargon zai tsaya. Ƙara sako shi kaɗan, sai ka ga ya fara zamewa da kansa, nauyin da ke rataye yana jan sauran, ba wanda ya tura shi daga baya. Wannan shi ne babban ƙarfin da ke tafiyar da faya-fayai. A 1975 Donald Forsyth da Seiya Uyeda suka kwatanta saurin faya-fayan duniya, suka ga abin da ya fi raba masu gudu da masu jan ƙafa shi ne ko faifai yana da baki mai nutsewa. Faifan Fasifik da na Nazka (wanda ke yamma da Kudancin Amurka), masu dogon baki a cikin rami, suna yin santimita bakwai zuwa goma a shekara. Na Afirka da na Turai da Asiya, waɗanda ba su da irin wannan baki sosai, ba su cika wuce biyu zuwa uku ba. Akwai ƙarfi na biyu, wato zamewar faifai daga tudun tsakiyar teku zuwa gangare, amma bai kai na farko ba.

Wannan ya juya mana fahimtar tsaunin tsakiyar teku. Narkakken dutsen da ke fitowa a can ba shi ne ke buɗe tsagar da ƙarfi ba. Faya-fayan ne ke janyewa, tsoka mai zafi ta taso ta cike giɓi, nauyin da ke danne ta ya ragu, sai wani ɗan kaso nata ya narke. A bakin nutsewa kuma ruwa ne sila: faifan da ke gangarawa ya sha ruwan teku shekaru aru-aru, in ya kai zurfin kusan kilomita 100 sai ya saki ruwan, ruwan ya sauƙaƙa wa dutsen da ke samansa narkewa. Dalilin jerin duwatsu masu aman wuta a Japan da Indonesiya da tsaunukan Andis ke nan.

Ke nan zafi ne man injin, amma sanyi ne ke riƙe da igiya. Ba don cikin duniya yana da zafi ba, da tsoka ta ƙame ba abin da zai nutse a cikinta. Ba don sama tana hucewa ba, da babu nauyin da zai ja. Nahiyoyi kuwa dutsensu mai sauƙi ne, ba sa nutsewa. Shi ya sa ƙasan teku mafi tsufa da ke Fasifik bai kai shekara miliyan 200 ba, alhali a Kanada akwai duwatsun nahiya masu shekara biliyan 4. In nahiya biyu suka haɗu, ba mai sunkuyawa. Indiya ta taho da gudu daga kudu, ta daki Asiya kusan shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙasa ta tattare ta miƙe sama. A ƙololuwar Eberest, mita 8,849 sama da teku, dutsen da masu hawa ke takawa ɗauke yake da burbushin halittun ruwa.

Inda masana ba su daidaita ba

Ba komai ne ya kwanta ba. Tsibiran Hawai suna tsakiyar faifai, nesa da kowane baki, amma suna aman wuta, kuma a jere suke, kowane ya girmi na kudu maso gabashinsa. Tuzo Wilson a 1963 ya ce faifan ne ke wucewa ta kan wani wuri mai zafi da ke tsaye, Jason Morgan a 1971 ya ce wurin wani ginshiƙin dutse mai zafi ne da ke tasowa daga can gindin tsoka. Yawancin masana sun karɓi wannan, amma ana jayayya kan yawan ginshiƙan da zurfin tushensu, wasu 'yan kaɗan ma suna ganin tsagewar faifai ta isa bayani a wurare da dama. Hotunan da ake haɗawa daga motsin girgizar ƙasa sun nuna wasu manyan tudun abu biyu a gindin tsoka, ɗaya ƙarƙashin Afirka, ɗaya ƙarƙashin Fasifik, kuma ana muhawara kan ko zafi ne kaɗai ya bambanta su ko har da sinadaransu. Haka nan lokacin da tafiyar faya-fayai ta fara: wasu sun ce sama da shekara biliyan uku, wasu sun ce ƙasa da biliyan ɗaya. Duk wannan saɓani a kan rassa ne, ba a kan ko ana tafiyar ba.

Abin da ya shafi mai zaune a bakin faifai

Tsakiyar faifai tana tafiya sumul, amma bakinsa a maƙale yake da na maƙwabci. Santimita biyar ɗin nan ba sa wucewa kowace shekara, taruwa suke yi. Dutse ya yi ta lanƙwasa shekara ɗari biyu, ɗari biyar, rana ɗaya ya kufce ya biya bashin gaba ɗaya cikin minti ɗaya ko biyu. Girgizar ƙasa ke nan. A Turkiyya, faifan Larabawa ne ke matsowa arewa yana matse na Anatoliya, wanda yawancin ƙasar ke kansa, zuwa yamma. A gaɓar Sumatra, ranar 26 ga Disambar 2004, bakin nutsewa ne ya kufce ya ɗaga ƙasan teku, igiyar tsunami ta hallaka kusan mutum 230,000 a ƙasashe sama da goma. A Japan, ranar 11 ga Maris 2011, wani ɓangaren ƙasan teku ya zabura kusan mita 50.

Ilimin nan yana faɗin inda haɗarin yake da irin girman da zai iya kaiwa. Ba ya faɗin rana ko wata, kuma duk saƙon da ke yawo yana cewa girgiza za ta auku a gari kaza ranar kaza ƙarya ne. Amma sanin wurin ma babban abu ne. A 2010, girgiza mai maki 7.0 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da 100,000 a Haiti. Makonni kaɗan bayan haka, mai maki 8.8, wadda ƙarfinta ya ninka waccan kusan sau 500, ta afka wa Chile, mutanen da suka rasu ba su kai 600 ba. Akwai bambancin zurfi da nisa daga birni, amma babban bambancin shi ne Chile ta sha wuyar wata babbar girgiza a 1960, ta kafa dokokin gini masu tsauri, ta kuma tilasta bin su. Abin da ya fi ci mini rai a irin wannan musiba shi ne yawancin waɗanda suka rasu rufin ɗakinsu ne ya faɗo musu, kuma rodi da siminti abu ne da ke hannun mutum.

Zafin yana da alherinsa. Aisilan, wadda ke zaune daram a kan tsaunin tsakiyar Atlantika, tana ɗumama kusan gida tara cikin goma da ruwan zafi daga ƙasa. Kenya tana samun kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkinta daga tururin ƙarƙashin ƙasa, mafi yawa daga tashoshin yankin Olkaria. Tagullar Chile da Peru a bakin nutsewa ta taru. Tokar aman wuta ce ta sa ƙasar tsibirin Jaba ta yi albarkar da take ciyar da mutum sama da miliyan 140, kuma ita ce ke sa manomi ya koma gindin dutsen da ya kore shi.

To, Afirka fa?

Tana darewa, amma ba kamar yadda hoton ke nunawa ba. Daga yankin Afar na Habasha, ta Kenya da Tanzaniya har Mozambik, akwai dogon kwari inda ɓangaren gabas, faifan Somaliya, ke janyewa daga sauran nahiyar. Saurin 'yan milimitoci ne a shekara, kusan shida zuwa bakwai a arewa, yana raguwa in an yi kudu. Tafkunan Tanganyika da Malawi a cikin tsagar suke kwance. Kuma nan wuri ne da bargon tebur bai isa bayani shi kaɗai ba, domin babu bakin nutsewa a kusa: tsoka mai zafi ce ta taso ta ɗaga tudun Habasha da na Kenya, ƙasar da ta kumbura tana zamewa gefe da gefe saboda nauyin kanta.

Tsagar Mai Mahiu kuwa, masanan duwatsu da dama sun ce ruwan sama ne ya wanke tokar aman wuta da ta cike wani tsohon rami, ƙasa ta rufta. Wurin yana cikin kwarin da ke buɗewa, amma ba nahiya ce ta yage a daren ba. Wanda ke son ganin yagewa ta gaskiya sai ya dubi Dabbahu a Afar. A watan Satumbar 2005, narkakken dutse ya kutsa ta ƙarƙashin ƙasa tsawon kusan kilomita 60, gefe biyu suka rabu har mita 8 a wasu wurare cikin makonni kaɗan, aikin ɗaruruwan shekaru a tashi ɗaya.

In abin ya ɗore, bayan miliyoyin shekaru ruwan teku zai shigo, kamar yadda ya cike tsakanin Afirka da yankin Larabawa ya zama Bahar Maliya, wadda har yanzu take ƙara faɗi kusan santimita ɗaya a shekara. Yana kuma iya tsayawa, domin akwai tsagogi da yawa a tarihin duniya da suka fara buɗewa suka mutu a hanya, irin wadda ke binne ƙarƙashin Tafkin Sufiriyo a Arewacin Amurka. Mutanen kwarin ba sabon teku ne damuwarsu ba. Damuwarsu irin ta mazauna Goma ce a gabashin Kongo, waɗanda dutsen Nyiragongo ya malalo wa wuta har tsakiyar gari a Janairun 2002, ya sake tasowa da daren 22 ga Mayun 2021, dubban mutane suka kwashi 'ya'yansu da katifu a ka suka nufi iyakar Ruwanda.